Guzurin Matafiyi: Yadda Za a Kauce wa Cututtukan Hanji da Ake Ɗauka ta Abinci da Ruwan Sha

Mutanen ƙasar nan matafiya ne. Kowace rana ta Allah dubban jama'a suna bisa hanya: fatake masu kai shanu da albasa kudu su komo da goro da manja, direbobin manyan motoci da yaransu, ma'aikata waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibai, matasa masu hidimar ƙasa, 'yan cin rani, da maniyyata aikin Hajji. Duk wanda ya bar gidansa, ya bar randar da ya sani da tukunyar da ya sani. Tilas ya sha ruwan da bai san inda aka ɗebo shi ba, ya kuma ci abincin da bai ga hannun da ya girka shi ba.

Wannan darasi zai yi bayani a kan wasu halittu da ke shiga hanjin mutum ta wannan hanya, su zauna ciki suna ci daga abin da ya ci. Za a faɗi yadda suke shiga, da alamun da ake gane su, da yadda za a tsare kai daga gare su, da abin da ya kamata a yi in sun riga sun shiga.

HANYAR DA SUKE BI

Waɗannan halittu iri biyu ne. Akwai ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kamar amiba da jardiya da kirifto. Akwai kuma tsutsotsi waɗanda ido ke gani in sun girma, kamar macijin ciki da tsila.

Ko da yake sun bambanta a kama, asalinsu ɗaya ne, watau bayan gida. Suna fita daga cikin wani ta kashinsa, su shiga cikin wani ta bakinsa. Tsutsotsi ƙwai suke zubawa. Su kuwa ƙananan, kafin su fita daga hanji sukan dunƙule su rufe kansu da ɓawo mai tauri, kamar yadda ƙwayar hatsi ke jiran damina. A cikin wannan darasi za mu riƙa kiran wannan dunƙule iri. Da ƙwan da irin, duka ba su canja launin ruwa ko ɗanɗanon abinci. Ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da su.

Tsakanin kashi da baki akwai hanyoyi biyar. Na farko ruwa: ruwan sama ya wanke kashin da aka yi a fili ya zuba cikin rafi ko kududdufi ko rijiyar da ba ta da murfi, ko kuwa ruwan salga ya tsatsa cikin fasasshen bututun famfo. Na biyu hannu, in ba a wanke shi da sabulu bayan kewayawa ba. Na uku ƙuda, wanda ke tashi daga ƙazanta ya sauka a kan abinci. Na huɗu kayan lambu waɗanda aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata. Na biyar nama wanda bai dahu ba. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 48 ne ke yin bayan gida a fili a Nijeriya, saboda haka waɗannan hanyoyi a buɗe suke a ƙauye da birni.

Sai a lura da wani abu. Gudawar da ke kama baƙo kwana ɗaya ko biyu bayan ya ci wani abinci, galibi aikin wasu ƙwayoyin cuta ne dabam, kuma takan wuce cikin 'yan kwanaki. Halittun da muke magana a kansu ba su da gaggawa. Sukan yi mako ɗaya ko biyu, wani lokaci watanni, kafin su nuna kansu. Sau da yawa sai matafiyi ya komo gida ya huta sa'an nan ciwo ya taso, ya rasa abin da ya jawo shi, har ya ɗora laifi a kan girkin gidansa.

AMIBA MAI KAWO ATUNI

Wani likita mai suna Fedor Lösch ne ya fara bayyana wannan halitta a ƙasar Rasha cikin 1875. In mutum ya haɗiye irinta, sai ya ƙyanƙyashe ya zauna a babban hanji. Yawancin waɗanda ke ɗauke da ita ba su jin kome. Kimanin mutum 1 ko 2 cikin 10 ne ke yin ciwo, amma sauran ma suna zubar da irin a bayan gidansu, suna sa wa wasu ba su sani ba.

Ga wanda ta kama, alamu sukan fara bayan mako 2 zuwa 4. Amiba takan ci bangon hanji ta yi masa gyambo. Sai ciki ya riƙa murɗawa, mutum ya yi ta zuwa makewayi yana yunƙuri, abin da ke fita kaɗan ne, gauraye da jini da majina. Wannan shi ne atuni. Yakan lafa ya sake tashi, mutum yana ramewa a hankali.

Babban haɗarinta shi ne takan bi jini ta kai hanta ta tara ruɓa a can. Alamar wannan ita ce zazzaɓi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rama. Yana iya faruwa watanni bayan tafiya, har ga wanda bai taɓa ganin jini a bayan gidansa ba, kuma ya fi samun maza manya. In ba a yi magani ba yana kisa.

JARDIYA

Wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen ƙera madubin ƙara girman abu, shi ne ya fara ganinta cikin 1681 sa'ad da ya duba nasa bayan gida. Jardiya ƙaramin hanji take zama, inda jiki ke tsotsar amfanin abinci. Takan manne a bangonsa ta hana shi aikinsa, musamman wajen tsotsar maiƙo. Iri 10 kacal sun isa su kama mutum, kuma irin yana iya yin makonni har watanni da rai a cikin ruwa mai sanyi.

Alamu sukan fara bayan mako 1 ko 2. Bayan gida yakan zama sako-sako, mai maiƙo, mai mugun wari, ba jini a ciki. Ciki ya kumbura, iska ta yi yawa, mutum ya riƙa gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, abinci ya fita ransa. Ciwon yakan yi mako 2 zuwa 6, a wasu kuwa ya zarce haka. Wasu ko bayan sun warke sukan jima madara ba ta karɓe su ba. A jikin yara ƙanana, in ta daɗe takan hana su girma yadda ya kamata.

KIRIFTO

Wannan kuma gudawa mai ruwa-ruwa take kawowa, wajen mako ɗaya bayan an ɗauke ta. Ana samunta daga mutane, ana kuma samunta daga dabbobi, musamman 'yan maruƙa. Saboda haka masu safarar dabbobi da masu shan ruwa inda garke ke sha sai su yi hattara. Mai ƙarfin jiki yakan warke cikin mako 1 ko 2. Amma ga jarirai, da yara masu tamowa, da masu cutar ƙanjamau waɗanda ba su shan magani, tana iya kai su ga halaka.

Abin da ya sa ta zama abin tsoro shi ne ɓawon irinta yana da tauri ƙwarai, har sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi. Cikin 1993 ta shiga ruwan famfon birnin Milwoki na Amurka, mutum wajen 400,000 suka kamu. Wannan ya nuna cewa ba ƙauye kaɗai ake gamuwa da ita ba, kuma zuwa ƙasar da ta ci gaba bai ɗauke wa matafiyi yin hankali ba.

MACIJIN CIKI

Macijin ciki tsutsa ce doguwa mai kama da tana. Macen takan kai santimita 35, watau ta fi rular 'yan makaranta tsawo, kuma tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan yakan yi 'yan makonni cikin ƙasa kafin ya nuna, daga nan yana iya yin shekaru yana jiran mai haɗiye shi. Yakan manne a jikin latas, da kabeji, da karas, da duk abin da ya taɓa ƙasa, da kuma ƙarƙashin farce.

In an haɗiye shi sai ya ƙyanƙyashe a hanji. 'Ya'yan su huda bangon hanji su bi jini ta hanta zuwa huhu, su hau maƙogwaro, mutum ya sake haɗiye su, su koma hanji su girma. A lokacin da suke huhu wasu mutane sukan yi tari da shessheƙa. Daga haɗiye ƙwai zuwa girman tsutsa wata 2 zuwa 3 ne. In sun yi yawa sukan cinye abincin yaro su bar shi da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, har sukan cure su toshe hanji, sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 ne a duniya ke ɗauke da macijin ciki ko 'yan uwansa da ake ɗauka daga ƙasa. Ɗaya daga cikin 'yan uwan nan, tsutsa mai ƙugiya wadda ke shan jini, ta fatar ƙafa take shiga, don haka kada matafiyi ya shiga makewayi ko jeji ba takalmi.

TSILA

Tsila ta nama take zuwa. In mai ɗauke da ita ya yi bayan gida a makiyaya, saniya takan haɗiye ƙwan tare da ciyawa. 'Ya'yan tsutsar su shiga tsokar saniyar su zauna kamar 'yan farare ƙwayoyi. Wanda ya ci wannan nama bai dahu ba, bayan wata 2 zuwa 3 tsutsar ta girma a hanjinsa. Faffaɗa ce kamar zaren kaset, gaɓa-gaɓa, tana kai mita 5 har 10, tana kuma iya yin shekaru a ciki. Yawanci mutum yakan gane ne sa'ad da ya ga fararen gaɓoɓinta suna motsi a bayan gidansa ko a wandonsa.

Akwai wata irin tsila ta naman alade, wadda ta fi ta shanu haɗari. Kada wanda ba ya cin wannan nama ya ɗauka ya tsira. Mai ɗauke da ita yana zubar da ƙwanta a bayan gida. In ƙwan ya shiga bakin wani ta hannu ko ruwa ko abinci, 'ya'yan sukan bi jini su zauna a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa, su kawo farfaɗiya bayan shekaru. Cikin 1992 likitoci suka ba da labarin wasu Yahudawa a birnin Niyu Yok, waɗanda addininsu ya hana su cin alade, amma aka sami wannan tsutsa a ƙwaƙwalwarsu. Binciken ya nuna cewa a cikin gida suka ɗauka, daga masu yi musu aiki. A wuraren da wannan tsila ta yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke jawo kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya.

ƘA'IDOJIN KAN HANYA

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da matafiyi zai kiyaye.

1. Ka tafasa ruwan sha. In ruwa ya tafasa sosai har yana birkiɗa na minti ɗaya, duk waɗannan halittu sun mutu. Ka cika gorarka da shi tun daga gida. Shayin da aka haɗa da ruwa mai tafasa a gabanka ba shi da laifi.

2. In za ka sayi ruwan leda ko na roba, ka duba lambar hukumar NAFDAC, ka tabbata ba a taɓa buɗe shi ba, ka wanke bakin ledar kafin ka kai ta bakinka.

3. Kada ka dogara ga alif ko tacewa da ƙyalle. Alif yana kwantar da laka ne, ba ya kashe iri. Ƙyalle yana tare ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu, amma irin amiba da jardiya da kirifto sun fi ƙarfin ramukansa. Ka tace, sa'an nan ka tafasa.

4. Ka guji ƙanƙara, da zoɓo ko kunu ko farau-farau waɗanda ba ka san ruwan da aka haɗa su da shi ba. Sanyi ba ya kashe iri.

5. Ka ci abinci da zafinsa, wanda aka ɗebo daga kan wuta. Ka bar wanda ya daɗe a buɗe ƙuda na bi.

6. Ka bar ɗanyen ganye da salak sai ka koma gida. Ka sayi 'ya'yan itacen da za ka ɓare da hannunka, kamar ayaba da lemo. Yankakkiyar kankana da abarba da ferarren rake da ake yayyafa wa ruwa, ka wuce su.

7. Tsire da balangu, ka yaga ka duba cikinsu. In akwai ja ko ruwan jini, ka sa a mayar kan wuta.

8. Ka sa sabulu cikin guzurinka. Ka wanke hannu da shi bayan kewayawa da kafin cin abinci, ka cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A zuba maka ruwa daga buta. Kada ka tsoma hannu a kwanon da kowa ya tsoma nasa.

9. In kana tafe da jariri, a ci gaba da ba shi nonon uwa. Shi ne abinci da abin sha mafi aminci a kan hanya.

IN CIWO YA KAMA

Abin da ke saurin kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Da zarar ta fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu a asibiti da kantin magani. In babu, a sami tafasasshen ruwa lita 1, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa, a riƙa sha kaɗan-kaɗan. Kada a daina cin abinci. Yara kuma ma'aikacin lafiya zai ƙara musu ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba in an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa fitsari ya ɗauke, ko gudawa tana zuba kamar ruwan wankin shinkafa, domin wannan alamar kwalara ce. Haka kuma in gudawa ta kai mako 2, ko an ga tsutsa, ko ana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

A gaya wa likita inda aka je da lokacin da aka komo, ko da watanni sun wuce. Zai nemi a kawo bayan gida ɗakin awo. A kai shi da ɗuminsa cikin mazubi mai tsabta. Irin ba kullum yake fita ba, saboda haka akan nemi a kawo har sau uku a ranaku dabam-dabam. Kada a gaji da wannan.

Lalle ne a guji sayen magani wurin masu talla a tasha da cikin mota. Kowace halitta da nata magani. Albendazol yana kashe macijin ciki, amma ba ya warkar da atuni. Metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, yana aiki a kan amiba da jardiya, amma ba ya taɓa tsutsa. Tsila kuwa firazikwantel ake ba ta. Mai atunin amiba yana bukatar magani na biyu bayan na farko, don ya share irin da ya saura a hanji, in ba haka ba ciwon yana iya dawowa. A shanye magani har ƙarshe ko an ji sauƙi. Ba a shan giya tare da metronidazol. Mai ciki kada ta sha maganin tsutsa sai da izinin likita, musamman a wata 3 na farko. Mai jini a bayan gida ko zazzaɓi kada ya sha ƙwayar tsayar da gudawa.

Wanda ke fama da gudawa kada ya yi wa iyali girki ko ya tsoma moɗa a randa sai ya warke. Yaran gida su ne suka fi saurin ɗauka, su ne kuma suka fi shan wahala.

AIKIN KOWA DA KOWA

Hankalin matafiyi kaɗai bai isa ba. Masu sayar da abinci su rufe shi, su tanadi buta da sabulu, su yanke farce. Shugabannin tashoshin mota da na kasuwanni su gina makewayi su kula da tsabtarsa, su nisanta shi da rijiya. Mahauta su kai dabba mayanka inda ma'aikacin duba nama zai gan ta. Masu lambu su daina ban ruwa da ruwan kwata. Duba-gari kuma a ba su haɗin kai.

Cikin 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bayan gida a fili, kuma cikin 2022 Jihar Jigawa ta zama ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. Ƙasar nan ta taɓa cin irin wannan yaƙi. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da aka dage wajen tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, aka ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan. Abin da ya kawar da kurkunu shi ne kowane gida ya gyara ruwan shansa. Cututtukan hanji ma haka za a yi musu, a haɗa da salga da sabulu.

Ya kai matafiyi, iyalinka suna jiran tsaraba. Ka kula kada ka haɗa musu da cuta a cikinta.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Faɗi hanyoyi biyar da waɗannan halittu ke bi su kai bakin mutum.
2. Me ya bambanta bayan gidan mai amiba da na mai jardiya?
3. Don me tacewa da ƙyalle ba ta wadatar ba?
4. Ta yaya wanda ba ya cin naman alade zai iya kamuwa da cutar tsilarsa?
5. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
6. Waɗanne alamu ne ke wajabta zuwa asibiti nan take?

In ka karanta, ka karanta wa wanda bai iya ba.